Lambar wuya ta Yaƙin Bama: amsa ga mai cewa dako kawai muka je yi

Wani ya rubuta jiya cewa mutanen ƙasar Katsina da aka kai Bama lokacin Yaƙin Hitila dako kawai suka je yi wa Turawa, ba su ga bakin daga ba. Malam, ka zo Batsari ko Safana ka maimaita wannan magana a gaban jikokin 'yan mazan jiya. Ƙasar da ta haifi Ɗanwaire na Ruma ba yau ta fara jin ƙarar bindiga ba.

A gidanmu har gobe akwai lambar wuyan kakanmu, a naɗe cikin adakar Hajiya tare da lambar yabo ta Burma Star. Sojan Ingila, guda biyu ake rataya masa: ɗaya ja mai da'ira, ɗaya kore mai kusurwa takwas. A jiki an buga lambarsa ta soja, wadda ga 'yan Najeriya take farawa da NA, sai suna da addini. In ya faɗi a fagen fama, a cire jar a kai ofis shaida, koren kuwa a binne shi da ita. Hajiya ta ce duk ranar da tsoho ya ɗauko su sai ya ce, da ya dawo da guda biyun, ai Allah ne ya yi da sauran kwana. Wanda za a tura wurin da babu mutuwa ba a rataya masa irin wannan.

Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma an kafa ta a 1943, aka ɗebe ta a jirgin ruwa zuwa Indiya, farkon 1944 ta shiga kwarin kogin Kaladan. Ta 82 ta biyo baya, suka haɗu suka karɓe Myohaung daga hannun Japanawa a watan Janairu 1945. Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta.

Amma inda na fi so a tsaya shi ne birged ta 3. Ita ce bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Najeriya da aka zare daga runduna ta 81 aka ba Janar Wingate, mai mayaƙan Chindit, waɗanda ake saukewa ta sama a bayan abokan gaba. Wingate ya mutu a hatsarin jirgi ranar 24 ga Maris 1944, aikin bai tsaya ba. An sauke mutanenmu suka riƙe sansanin White City kusa da Mawlu, wanda ya toshe layin dogo da hanyar motar da Japanawa ke kai kayan yaƙi arewa. Sunan ma daga fararen lemomin jefa kaya ya samo asali, waɗanda suka lulluɓe itatuwan wurin. A watan Afrilu Japanawa suka yi ta kawo hari dare bayan dare, suna ruwan harsasai, suna afka wa wayar shinge, gari ya waye gawarwakinsu a rataye, sansanin bai faɗi ba. Ka tuna fa, mutumin da ya tashi a bakin dajin Rugu, ya saba da rani wata bakwai, shi ne cikin ruwan da ba ya ɗaukewa, ga zazzaɓi, ga matsattsaku, abinci sai jirgi ya jefo. Barikin Chindit na Zariya, daga ina kake tsammani ya samo sunansa?

Maganar dakon ma, ban yarda a raina ta ba. E, akwai rukunin masu ɗaukar kaya a ka, su suka ɗauki harsashi da masu rauni a duwatsun da mota ba ta shiga, ana harbinsu kamar kowa. Masu cewa kowa da son ransa ya tafi, su ma su sassauta. Wasu talauci ya kai su, wasu dagaci ya nuna su da yatsa, kuma albashinsu bai kai na Bature ba. Wannan zalunci ne, amma bai rage musu jarumta ba.

Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, da kansa ya je Indiya da Bama ya gana da sojojin. Waɗanda suka mutu a can ba a ga gawarsu ba, sunayensu na cikin kusan 27,000 da aka rubuta a dutsen tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun.

Bayan yaƙi aka sallame su, wasu suka koma gona, wasu suka shiga ɗan doka. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka sake kiran da yawa. Daga baya magadansu a sojan Najeriya suka je Laberiya da Saliyo. Yanzu ranar 15 ga Janairu ake tunawa da su.

Duk wanda ke da irin wannan lamba a gidansu, a Ruma ne ko Runka ko Wagini, kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya ɗauki hotonta, ya zauna da tsofaffin gida ya rubuta abin da suka riƙe tun suna raye. Allah Ya jiƙan mazan jiya.