Shekarar karatu a kwalejojin Arewa

Kwalej, wato CEG, karatun shekara huɗu ne bayan firamare: siziyam, sankiyam, katiriyam da turwaziyam. A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, waɗanda aka raba a 2011, akwai irin waɗannan makarantu a manyan garuruwa kamar Matankari, Kiyeshe, Gesheme da Koren Mai Ruwa.

A watan Oktoba ake komawa lakwal, daidai lokacin girbin hatsi da wake. Shi ya sa makonnin farko azuzuwa ba su cika ba: wasu yaran suna gona, inda kuma ajin zana ne sai an jira kara kafin a kafa rumfa. Da Faransanci ake koyarwa, a siziyam kuma ake fara Ingilishi. Maki bisa 20 ake lissafawa, 10 ne matsakaici.

Abin da ya fi wuya shi ne masauki. Yaron da ya fito daga ƙauye yakan zauna gidan dangi ko wani mai riƙo, iyaye na aiko da hatsi. In rumbu ya yi ƙasa wajen Afrilu, ga tsananin zafi, nan ne da yawa ke barin karatu, musamman 'yan mata. Yajin aikin malamai da na ƙungiyar ɗalibai ta USN ma yakan cinye kwanaki.

'Yan turwaziyam ne ke rufe shekara da jarrabawar burbe, BEPC, lokacin da damina ta riga ta sauka.