Rumbun Gwamnati da Mai Neman Tallafi: Tarihin Musayar Bayanai Tsakanin Hukumomin Birtaniya Daga Mahangar Cheetham Hill

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi yadda hukumomin gwamnatin Birtaniya suka shiga musayar bayanan masu karɓar tallafi ta na'ura, daga kafuwar tsarin inshorar ƙasa a 1948 zuwa 2025. An ɗauki unguwar Cheetham Hill ta birnin Manchester a matsayin mahanga, kasancewarta masaukin baƙi tun ƙarni na 19. Tarihin ya nuna cewa an shimfiɗa akasarin hanyoyin musayar ne domin kama masu zamba, saboda haka suka ƙware wajen tsayar da biyan kuɗi, suka yi rauni wajen gyara kuskure da tabbatar wa mutum haƙƙinsa.

Gabatarwa

Titin Cheetham Hill ya tashi ne daga bakin tsakiyar Manchester ya miƙa arewa. Mutanen Ayalan ne suka fara cika unguwar a ƙarni na 19, sai Yahudawan gabashin Turai suka biyo baya. Ginin wurin ibadar da wasu Yahudawa suka buɗe a kan titin a 1874 yana nan, an mayar da shi gidan tarihi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Pakistan da Indiya da tsibiran Karibiyan suka sauka, daga baya kuma Larabawa da 'yan Afirka, ciki har da 'yan Nijeriya. Hausawan da ke Manchester da Birmingham a yau, ɗalibai da ma'aikatan lafiya da iyalansu, sun zo ne a sahun baya-bayan nan.

Kowane rukuni na baƙin nan ya gamu da tambaya guda a ranar da buƙata ta kama shi: wane ne kai, kuma wa zai shaide ka? A zamanin ƙungiyar agajin Yahudawan Manchester da aka kafa a 1867, mutane ne suke amsa tambayar, da idonsu da sanin da suka yi wa mai neman taimako. A yau rumbunan bayanai ne suke amsa ta, sau da yawa tun kafin a ji ta bakin mai ita.

Ƙasar da ta ƙi katin shaida

Ba a fahimtar wannan tarihi sai an san cewa Birtaniya ba ta da rajistar jama'a guda ɗaya. Ta yi katin shaida a lokacin yaƙi daga 1939, amma bayan shari'ar wani direba mai suna Clarence Willcock, wanda ya ƙi nuna wa ɗan sanda katinsa, gwamnati ta soke katin a 1952. Abin da ya maye gurbinsa a aikace shi ne lambar inshorar ƙasa: haruffa biyu, lambobi shida, sai harafi ɗaya. Tsarin da rahoton William Beveridge na 1942 ya haifar ya fara aiki ranar 5 ga Yuli 1948, aka kuma tara takardun gudummawar kowane ma'aikaci a babban ofishi da ke Longbenton kusa da Newcastle. Aikin na takarda ne da akawuna, kuma kowace ma'aikata tana riƙe da kundinta. Dokar sirri ta hana jami'in haraji miƙa wa jami'in tallafi abin da ya sani sai a keɓantattun wurare.

A 1982 Ma'aikatar Lafiya da Jin Daɗin Jama'a ta fitar da shirin shigar da kwamfuta cikin ofisoshin tallafi baki ɗaya. Alƙawarin shirin yana da kyau: a riƙa kallon mai neman tallafi a matsayin mutum ɗaya cikakke, maimakon a rarraba shi cikin fayiloli biyar da ba su san juna ba. Kuɗin aikin ya zarce kiyasin farko nesa ba kusa ba, alƙawarin kuma bai cika ba. Duk da haka shirin ya bar gado muhimmi, wato babban jadawalin sunaye da lambobi na ma'aikatar, wanda daga baya ya rikiɗe ya zama rumbun da ƙananan hukumomi da sauran ma'aikatu suke leƙawa har yau.

Zamba a matsayin mabuɗi

Siyasar shekarun 1990 ce ta rushe katangar da ke tsakanin kundayen. A 1994 aka shigo da gwajin tabbatar da cewa mai neman tallafi mazaunin ƙasar ne na haƙiƙa. A 1996 aka fara gwama bayanan tallafin kuɗin haya, wanda ƙananan hukumomi irin su majalisun biranen Manchester da Birmingham suke biya, da bayanan ma'aikatar tsakiya. Sai dokar yaƙi da zamba ta 1997, a ƙarshen mulkin John Major, ta ba da izinin miƙa wa hukumar tallafi bayanan haraji da kwastan, da na fasfo da shige da fice da zama ɗan ƙasa da fursunoni. Gwamnatin Tony Blair ta ɗora a kai: dokar 2001 ta ba masu bincike ikon neman bayani daga bankuna idan akwai zargi, kuma a shekarar ce aka kafa Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wato DWP.

Ba a musanta cewa akwai zamba, kuma gwama bayanai yana kama ta: mai karɓar tallafin rashin aiki alhali yana kan albashi, ko kuɗin fanshon mamaci da ake ci gaba da ɗauka. Abin lura shi ne, tunda da wannan hujja aka buɗe kusan kowace ƙofa, ita ce ta tsara siffar na'urar. An gina ta ne ta yi ƙara idan an biya mutum fiye da haƙƙinsa. Ba a ba ta irin wannan kunnen ba domin jin wanda aka biya ƙasa da nasa, ko tsohon da ya cancanci ƙarin kuɗin fansho bai nema ba, alhali irinsa sun kai ɗaruruwan dubbai bisa kiyasin ma'aikatar kanta. Togaciya ɗaya da ta cancanci yabo ita ce tsarin da aka yaɗa a 2011, wanda iyalin mamaci suke sanar da rasuwa sau ɗaya, sanarwar ta isa ga hukumomin haraji da fansho da fasfo da ƙaramar hukuma.

Gwama bayanai yana dogara ne kan suna da ranar haihuwa da adireshi da lamba, kuma a nan ne mutumin Cheetham Hill yake fara tuntuɓe. Bahaushe yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a fasfo, Muhammad a takardar albashi. Sunan mahaifi ko na gari kan koma sunan iyali a wata takarda, ya ɓace a wata. Wanda aka haifa a ƙauyen da ba a rajistar haihuwa kan wayi gari da 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwarsa. Duk ɗan Nijeriyar da ya sha layi domin daidaita sunansa na lambar banki ta BVN da na lambar ɗan ƙasa ta NIN ya san wannan ciwo, bambancin kawai shi ne a Ingila abin da ke rataye a kai kuɗin haya ne da na abinci.

Faifai biyu da katin Manchester

A watan Oktoba 2007 wani ofishin Hukumar Haraji da Kwastan, wato HMRC, ya aika wa ofishin binciken kuɗin gwamnati faifai biyu ta hanyar aika saƙo ta yau da kullum. Suna ɗauke da bayanan mutum miliyan 25 na tsarin tallafin yara: sunaye, adireshi, lambobin inshora da na asusun banki. Faifan ba su isa ba, ba a kuma gan su ba. Ministan kuɗi Alistair Darling ya sanar da majalisa ranar 20 ga Nuwamba, shugaban hukumar Paul Gray ya yi murabus. Abin ya faru ne daidai lokacin da gwamnati take ƙoƙarin shawo kan jama'a su amince da sabon katin shaida, wanda aka tsara ya jingina da rumbun DWP.

Mazauna yankin Manchester ne aka fara buɗe wa neman katin, ranar 30 ga Nuwamba 2009, a kan fam 30. Kimanin katuna 15,000 kawai aka fitar kafin gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta soke shirin a 2010, aka kuma niƙe rumbun nasa a Fabrairun 2011. Sai dai katin baƙi mai ɗauke da hoton yatsa, wanda aka fara bayarwa a 2008, bai shiga cikin sokewar ba. Ɗan ƙasa ya kuɓuta daga rajista, maƙwabcinsa baƙo ya zauna a cikinta. Wannan yana da nauyi domin yawancin masu izinin karatu ko na aiki an haramta musu tallafin gwamnati har sai sun sami izinin zaman dindindin, don haka abin da rumbun Ma'aikatar Cikin Gida ya faɗa a kan mutum shi ne yake buɗe masa ƙofar DWP ko ya rufe ta.

Albashi a hannun na'ura

Manchester ta sake zama filin gwaji ranar 29 ga Afrilu 2013, da aka fara biyan Universal Credit a garin Ashton-under-Lyne da ke gabashinta. Sabon tallafin ya haɗe tsofaffin tallafi shida, kuma ruhinsa musayar bayanai ne: duk mai ɗaukar ma'aikata yana sanar da HMRC albashin da ya biya a lokacin biya, HMRC ta tura wa DWP, kwamfuta ta lissafa tallafin watan. An sauƙaƙa wa mutane kai takardun albashi ofis, wannan gaskiya ne.

Amma na'urar tana ƙirga wata ne daga ranar da mutum ya fara nema, ba ta duba watan da albashi yake wakilta. Idan ranar biya ta faɗo a ƙarshen mako aka biya ma'aikaciya kwana biyu da wuri, sai albashi biyu su faɗa cikin wata ɗaya, tallafinta ya zube, wata mai zuwa kuma a ɗauke ta a matsayin marar aiki. Iyaye mata huɗu suka kai ƙara. Gwamnati ta kare kanta da cewa gyaran zai ɓata tsarin lissafin na'ura. A Yunin 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da aka sani da sunan Johnson, ta yanke cewa ƙin gyarawar ya saɓa wa hankali. Gyaran da ya biyo baya ya shafi masu albashin wata-wata ne kawai. Wanda ake biya duk mako huɗu, kamar yadda aka saba a aikin shara da kula da tsofaffi da ɗakunan ajiyar kaya, yana karɓar albashi sau 13 a shekara, don haka dole wata ɗaya ya zo masa da biyu.

Batun masu jinyar 'yan uwansu ya fi wannan ɗaci. A shekarar kuɗi ta 2024 mai karɓar tallafin jinya na fam 81.90 a mako yana rasa shi gaba ɗaya idan abin da ya samu a wajen aiki ya haura fam 151, ko da fam ɗaya ne. HMRC tana aika wa DWP gargaɗi idan an haura, amma ma'aikatar ta daɗe tana duba wani kaso ne kawai na gargaɗin. Bayanin yana hannun gwamnati, bashi yana taruwa a kan mutum tsawon watanni ko shekaru, sannan takardar neman biya ta iso. A Disambar 2024 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce bashin ya haura fam miliyan 250.

Darasin Windrush

Daga 2012, ƙarƙashin Theresa May a matsayin ministar cikin gida, aka mayar da musayar bayanai makamin ƙuntata wa baƙin da ba su da izini. Ma'aikatar Cikin Gida tana aika sunaye, a tsayar da tallafi, a soke lasin tuƙi. Sai dai dokar shige da fice ta 1971 ta riga ta ba 'yan ƙasashen renon Ingila da suka zauna kafin 1 ga Janairu 1973 izinin zaman dindindin, ma'aikatar kuwa ba ta rubuta sunayensu ba. Rashinsu a rumbu ya zama hujja a kansu. Paulette Wilson ta garin Wolverhampton, kusa da Birmingham, ta zo daga Jamaika a 1968 tana yarinya, ta taɓa aikin girki a ginin majalisar dokoki. A 2015 aka ce mata ba ta da izinin zama, tallafinta ya tsaya, a 2017 aka tsare ta domin a kore ta.

Abin takaici shi ne shaidar irin waɗannan mutane tana kwance a kundin gudummawar inshora da na haraji na shekaru talatin ko arba'in. Bututun da ya kai umarnin tsayar da tallafi zai iya dawo da wannan shaida, amma ba a juya shi ba sai bayan abin kunyar ya fashe a 2018, minista Amber Rudd ta yi murabus, magajinta Sajid Javid ya dakatar da musayar na ɗan lokaci a kan waɗanda suka haura shekara 30. Binciken tsofaffin fayiloli da ma'aikatar ta yi ya tsaya ne kan mutanen Karibiyan, duk da cewa dokar 1971 ta shafi 'yan Nijeriya da Gana da Pakistan daidai da su.

Daga 2021 ƙungiyar naƙasassu ta yankin Manchester ta shiga matsa wa DWP lamba ta hanyar lauyoyi domin ta bayyana yadda kwamfutarta take zaɓen waɗanda za a bincika. A Janairun 2025 gwamnati ta gabatar da ƙudurin da zai sa bankuna su riƙa tace asusun masu karɓar wasu tallafi ba tare da an fara da zargi ba. A ƙarshen shekarar kuma aka gano cewa HMRC ta dakatar da tallafin yara na iyalai kimanin 23,500 bisa bayanan tafiye-tafiye na Ma'aikatar Cikin Gida, waɗanda suka nuna fita ba su nuna dawowa ba. Ƙa'idar ita ce tallafin yana tsayawa idan an wuce mako takwas a waje, lamarin da zai iya shafar iyalin da suka je Kano ko Makka suka daɗe haka. Da yawa daga cikin waɗanda aka dakatar suna gidajensu a Birtaniya, suna aiki, suna biyan haraji ga hukumar da ta ɗauka sun yi ƙaura. Hukumar ta nemi afuwa, ta kuma ce nan gaba za ta duba kundin albashin da ke hannunta, ta tuntuɓi iyali, kafin ta tsayar da kuɗi.