Kilam mita: Yadda ake gano matsalar wutar lantarki

Kilam mita na'ura ce ta hannu mai baki kamar awartaki, wadda masu gyaran lantarki ke auna yawan wutar da ke bin waya da ita ba tare da yanke wayar ba. Waya ɗaya tak ake kamawa. Idan aka haɗa mai wuta da nutural, awon zai nuna sifili, sai fa idan wuta na yoyo.

Ma'aunin wutar gida a Najeriya volt 230 ne a kan hertz 50, kuma da wayoyin gwaji biyu na na'urar ake duba shi. Faɗuwarsa sosai da zarar an kunna firiji ko famfo alama ce ta siririyar waya ko sakwarkwataccen haɗi.

A gini mai layi uku, akan auna kowane layi daban. Bambanci mai yawa na nufin an fi ɗora wa ɗaya kaya, abin da ke dumama nutural har ya iya haddasa gobara.

Inda kwamfutoci da inbata suka yi yawa, mita mai alamar True RMS ce ke ba da awo sahihi. Aikin na ƙwararru ne, domin ana yin sa wuta na gudana.