Asalin Kalma: Taliya

Duk wanda ya zaga kasuwar Gure, a ƙasar Muniyo, ya ga mata suna shanya taliyar da suka murza da hannu, da wuya ya yi zaton sunan abincin nan baƙo ne. Galibin jama'a sun tafi a kan cewa daga sunan ƙasar Italiya aka yanko shi, kuma suna da hujja, domin Italiyawa sun mamaye Tarabulus a 1911, birnin da ayarin fatake ke tasowa daga gare shi, su ratsa Fezzan har Damagaram. Sai dai Larabawa suna da lafazin "itriya" na irin wannan abinci tun da daɗewa, wanda shehin malami al-Idrisi ya ambata a 1154 yayin da yake siffanta tsibirin Sisili, kuma ni a ganina ƙaulin cewa daga wannan lafazin sunan ya fito bai cancanci a yi watsi da shi ba.

Ko daga ina sunan ya fito, mun mayar da shi ɗan gida: ta kanti makaroni ce, ta murji da mai da yaji ita ce taliyar Hausa.