Daga Motar Kara Zuwa Mai Hawan Dutse

Layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, kuma auduga da gyaɗa ne suka jawo shi. Bayan jirgi sai manyan motoci masu kwaso kaya daga ƙauyuka. Yaran garin suka ga abin da ba su taɓa gani ba, suka shiga kwaikwayonsa da abin da ke hannunsu.

Abin da ke hannunsu kuwa kara ne. Bayan an girbe dawa, yaro zai feƙe ɓawon kara siri-siri ya zama ƙusa, totuwar ciki ta zama katako, ya harhaɗa gingimari da bodinta. Daga baya langalangar da ake ɗaure dilar auduga da ita ta shigo, sai waya da gwangwanin madara, aka riƙa yanka tayoyi daga tsohon silifa. A unguwanni irin su Tudun Wada, gwanin yaro shi ne wanda motarsa ke da dogon sitiyarin waya mai juya tayoyin gaba da gaske, kuma ya ɗaura mata robar tsohon tiyub don ta riƙa lotsawa a kan gargada ba tare da ta kife ba. Wannan ilimin injiniya ne, ko da ba wanda ya kira shi haka. Da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, siffar 504 ta zama abin koyi.

A wata nahiyar kuma labarin ya bi ta rediyo. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ɗan kwalekwale da ake sarrafawa daga nesa a birnin New York. Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta farko mai rimot a 1976, sannan Clod Buster a 1987, wadda masu sha'awa suka riƙa cire gatarinta suna ƙera motocin hawan dutse da kansu. Sai a 2007 kamfanin Axial na Amurka ya kawo AX10, wadda aka yi musamman don wannan wasa, Traxxas ya biyo da TRX-4 a 2017.

Abin mamaki, motar hawan dutse ba ta da gudu. Mutum mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ta yayin da take aikinta. Darajarta tana ga ƙarfin giya ta ƙasa, da tayoyi masu taushi da ke rungumar dutse, da gatari mai lanƙwasa yadda ƙafa ɗaya za ta hau tudu sauran ukun na taɓa ƙasa. Mai ita yakan ƙara mata nauyin tagulla kusa da tayoyin gaba, ya sauko da batir ƙasa, don kada ta faɗi ta baya a kan hawa. Matsalar da yaron Tudun Wada ya magance da robar tiyub ce dai, aka sake magance ta da kuɗi.

Kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, domin da dala ake sayen irin waɗannan motoci. Abin da ya iso kasuwannin Arewa shi ne motar roba mai arha daga Sin, wadda ba a kwance ta, ba a gyara ta. In ta lalace sai bola. Ta kori motar kara daga lunguna da yawa, ba ta kuma koya wa yaro yadda taya ke juyawa ba.

Duwatsun Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu da na Tsafe irin filin da masu wannan wasa ke nema ne. Sai dai a shekarun nan na 'yan bindiga, uba ba ya barin ɗansa ya nufi bayan gari don wasa.