Bakolori da Maraɗi: Darasi Daga Tarihin Ayyuka Biyu

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya san aikin gayya. Da shi aka gina ganuwar Kano, da shi kuma ake yaɓe ta in damina ta wuce. Da aka daina ganin ganuwar a matsayin abin tsaron kai bayan 1903, sai ta fara zubewa. Wannan ya sa ya kamata mu tambayi kanmu: me ke sa wani aikin raya ƙasa ya ɗore, wani kuma ya mutu tun masu shi suna raye? Bari mu dubi ayyuka biyu da aka yi a ƙasar Hausa kusan lokaci guda.

Na farko shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, wadda a yau take cikin Jihar Zamfara. Gwamnatin Tarayya ta ba wani kamfanin Italiya aikin, aka fara a 1974 aka kammala a 1978, lokacin da kuɗin man fetur ke malala. Manufar mai kyau ce, wato noman rani. Amma manoman da za a yi wa aikin ba a nemi shawararsu ba. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane zuwa tudun da ba ya noma. Wasu aka hana su shuka shekara da shekaru ana baje filayensu, biyan diyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Masu noman shinkafa a fadamun da ke ƙasa da madatsar su ma suka rasa ambaliyar da suka dogara da ita. Da tura ta kai bango manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi asarar rayuka masu yawa. Daga baya na'urorin yayyafa ruwa suka lalace, babu mai gyarawa, domin manomi bai taɓa jin nasa ba ne.

Na biyu ya faru a jihar Maraɗi ta Nijar. Bayan farin shekarun 1970 an kashe maƙudan kuɗi wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka bushe ko awaki suka cinye. Dalili kuwa, doka ta ce itace na gwamnati ne, malaman daji na cin tarar wanda ya sare ko da a gonarsa. To wa zai yi wahalar renon abin da zai jawo masa tara? A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai. In aka bar 'yan rassa masu ƙarfi aka rage sauran, itace zai tashi ba tare da dashe ba. Manoma suka kira dabarar sassaben zamani. Da farko an yi ta da tallafin abinci a yunwar 1984, kuma da tallafin ya ƙare da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari ne suka ga amfanin: itacen girki, abincin dabbobi, ga gero na yin kyau a ƙarƙashin gawo. Maƙwabci ya koya daga maƙwabci. Da gwamnati ta sassauta dokar daji, ta amince da haƙƙin manomi kan itacen gonarsa, abin ya bazu har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200.

Mai karatu zai ga cewa Bakolori ta fi kuɗi da injiniyoyi nesa ba kusa ba. Abin da ta rasa shi ne yardar masu ƙasa, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka duk hukumar da za ta haƙa rijiyar burtsatse ko ta gina asibitin shan magani a ƙauye, ta fara zama da mutanen wurin a kan tambayoyi uku: me suke buƙata, na wane ne in an gama, wa zai gyara in ya lalace? Allah Ya sa shugabanninmu su gane.