Yadda Waƙar Samari Ta Shiga Telebijin

Yau mawaƙa matasa sun cika telebijin da salula. Da ba haka abin yake ba. Bari mu koma baya, mu ga ta wace ƙofa waƙar samari ta shiga telebijin, can Ingila da kuma nan Nijar.

A Ingila, kafin 1957, ana rufe telebijin daga ƙarfe shida zuwa bakwai na yamma, wai don iyaye su kwantar da ƙananan yara. A watan Fabrairu na 1957 aka janye wannan doka. Sai gidan BBC ya cika lokacin da wani shiri na ranar Asabar mai suna Six-Five Special, ma'ana shida da minti biyar, lokacin da yake farawa ke nan. Ana kawo makaɗa, samari da ƴan mata suna rawa, duk ƙasa tana gani. A 1964 aka soma wani, Top of the Pops. Shi kuma kowane mako yana nuna waƙoƙin da aka fi saye. Can dai kasuwa ce ke jan abin. Samari suna aikin albashi, suna sayen faifai, don haka aka kula da su.

A wannan shekara ta 1964 telebijin ta iso Nijar. Amma ba don kiɗa ba. Ta lakwal ce, da taimakon Faransa, ana koya wa yara karatu da ita a wasu makarantu na kewayen Yamai. Mutumin Tasawa ko na Mayahi bai san ana yi ba. Shi dai rediyo ya sani.

Ta kowa da kowa, wato Tele Sahel, sai a 1979, zamanin Seyni Kunce, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa. Gwamnati ta kai akwatunan kallo garuruwa da ƙauyuka, masu aiki da hasken rana. Ba cikin gidan wani ake sa su ba. A fili ake sa su, bayan magariba jama'a su taru, yara a gaba cikin rairayi, manya a baya.

To, su wa aka gani ciki? Nan ne samariya ta shigo.

Samariya tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa. Kowane gari da sarkin samarinsa. Su ke gayya, su ke wasa a dandali in wata ya yi haske. Da Kunce ya karɓi mulki a 1974, sai ya tada ita, ya mai da ita hannun gwamnati. A 1976 aka yi babban bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan birane. Hanyar zuwa can tana da tsawo. A wancan lokaci Tasawa da Mayahi suna ƙarƙashin jahar Maraɗi, kowace da kumandanta. Sai ƙungiya ta ci gasa a gida, ta je Maraɗi ta kara da na sauran gundumomi, sannan a zaɓi masu wakiltar jaha. Akwai waƙa, akwai rawa, akwai wasan kwaikwayo. Tele Sahel tana ɗauka, ta yi ta nunawa har wata shekara ta zagayo.

Ka lura da abu guda. A al'adarmu kiɗa da waƙa gado ne. Ɗan makaɗi shi ke kiɗa. Ɗan manomi ko ɗan sarauta, in ya ɗauki kalangu a gaban jama'a, ya ja wa gidansu magana. Yarinya kuwa tana waƙar gaɗa a dandali, in an yi mata aure ta bari. Samariya ta sassauta wannan. Tun da hukuma ce ta kira, kuma sunan gari ake karewa, uba da yawa ya haƙura ya bar ɗiyarsa ta tafi. Wasu malamai da iyaye ba su so ba, ganin an kwashi ƴan mata da samari cikin mota zuwa wani gari, a kwana a can. Amma ran da aka ga ɗiyar gari cikin akwatin, har masu gunaguni sun matso su duba. A ganina wannan shi ne babban abin da telebijin ta canza a karkara.

Sai dai kyautar tana da igiya. Waƙar da za ta ci gasa, sai ta faɗi abin da gwamnati ke so: haɗin kan ƙasa, dashen itatuwa, noman rani, illar tafiya cirani. Wasu cikinsu sun yi daɗi ƙwarai, har yanzu tsofaffi na rera su. Amma ba a jin saurayi yana kukan haraji ko sukar kumanda. Muryar ta samari ce, maganar ta hukuma.

Masu jita sun samu tasu gasar a 1987, shekarar da Kunce ya rasu. An sa mata sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin Tawa. Bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya ta rasa goyon hukuma, ta yi sanyi. Akwatunan fili ma, wanda ya lalace ba mai gyara shi.

Cikin waɗanda suka yi suna a zamanin gasar Ɗan Gurmu akwai Sa'adu Bori na Maraɗi. Ya ɗauko kiɗan bori, wanda iyayenmu suka sani da goge da ƙwarya, ya sa shi a jita da gangunan zamani. Cikin shekarun 1990 shi da Musa Pusi suka yi faifai mai suna Niamey Twice. Wani kamfanin Landan ne ya fitar da shi.